Kan da Babanku Ya Ƙi Yankewa

Ranar da Maryam ta dawo daga biki a Karantina idonta jawur, ta ce wata tsohuwa ta nuna ta da baki ta ce wa ta kusa da ita, "Waccan ai 'yar Mai Gunki ce," ranar na ce shirun nan ya isa haka. Babanku ne ya ɗaure mini baki yana raye, na kuwa bi shi, ba don raina ya so ba. Yanzu ƙasa ta rufe masa ido, ni ma gwiwoyina sun fara aiko mini da saƙo, to gara in rubuta muku tun hannuna na iya riƙe alƙalami. Bashir, kai ka san wani abu a ciki, amma rabi ka sani, rabin ma a karkace. Zainab da Maryam kuwa sunan kawai kuka tashi kuka tarar, kuka yi ta jin kunyarsa ba ku san inda ya samo asali ba.

Mun zo aikin Hajji daga ƙasar Katsina da ƙuruciyarmu, aka gama, jirgi ya tashi ba da mu ba, muka zauna a Jidda, a unguwar Karantina. Karantinar wancan zamanin ba irin wadda kuka sani ba ce. Gidajen katako ne da kwano, lungu ya shiga lungu, in ka miƙa hannu ta taga sai ka karɓi gishiri a gidan maƙwabta. Da safe ƙanshin waina da ƙosai ya gauraya da iskar teku, da rana kuwa zafi ya sauko da gumin nan mai danƙo wanda wanka ba ya maganinsa. Amma wallahi ban taɓa zama inda na ji daɗin mutane kamar can ba. Bahaushe, Babarbare, Bazabarme, mutanen Yaman, mutanen Jawa, kusan kowa ba iƙama, wato takardar izinin zama, kowa kunnensa na bakin titi saboda motar jawazat, masu kamen baƙi marasa takarda. Tsoron nan ya mai da mu kamar 'yan ɗaki ɗaya, in tukunyarki ta ƙi tafasa yau, ta maƙwabciya za ta ciyar da 'ya'yanki.

Babanku kafinta ne, wannan kun sani. Abin da ba ku gani da idonku ba, shi ne ladan na ƙaramin masallacin da ke ƙarshen lungunmu. Lokacin ba a kawo lasifika ba, sai ya hau wani tsani da ya haɗa da hannunsa, ya tsaya a kan rufi ya toshe kunnuwa. Kiransa ba irin na ladanan Hijaz ba ne, kiran gida yake yi, irin na garinsu. In ya zo "hayya alal falah" sai ya ja ta sama, ya sauko da ita a hankali, ya ɗan karya ta a ƙarshe kamar mai lallashin yaro. Mata na tsayar da muciya su saurara. Ni kaina, da nake wanke masa riga na kuma san irin minsharinsa, in ya yi kiran sai tsigar jikina ta tashi. Ya taɓa ce mini in aka ce ya zaɓa tsakanin zartonsa da tsanin nan, zarton zai miƙa.

Ni kuma sana'ata Haraj, kasuwar tsofaffin kaya. Turawa da sauran baƙin da kwangilarsu ta ƙare sukan zubar da kayan gida gaba ɗaya, mu mata mu saya a kwali a kwali, ba ma ka san me ke ciki sai ka zo gida. A ciki akan tarar da kayan ƙawa na sassaƙa, giwa, tsuntsu, doki, mutum-mutumi. To a wurinmu ba mai sayen abu mai siffar rai ya kai ɗakinsa, sai an cire kan. Malamai sun ce in aka raba shi da kai ya zama kamar itace, ba laifi. Duk lungun kuwa wa ke da zarto mai kyau da hannu mai tsabta in ba babanku ba? Shi ake kawo wa. Ya yanke, ya goge wurin da samfefa, ya shafa fenti, ka rantse haka aka yi abin tun farko. Akwai lokacin da ba gidan da za ka shiga a Karantina ba ka ga giwa marar kai tana tokare da ƙofa ba, kuma duk aikin babanku ne.

Bayan gidanmu akwai wani ɗan tsamurmurin dattijo da ake kira Ali Jawa, ku yara kuna ce masa Ammu Ali, wato Baffa Ali. Aikin shafa wa kujeru mai yake yi a wani shagon kayan ɗaki a unguwar Bagdadiyya. A wurinmu duk mai irin fuskarsu Jawa ne, shi kuwa kullum sai ya gyara mana, ya ce shi ba mutumin Jawa ba ne, tsibirinsu daban, Bali sunansa. Mu ce to Ali Jawa, mun ji. Yana shan wata taba mai warin kanumfari, kafin ka gan shi ka ji shi. Ba a riga shi sahun farko, kuma shi da babanku kamar an ƙulla su da zare. Larabcin wannan a karye, na wancan a gurguje, amma in suka zauna a kan katako sai su yi ta hira har shayi ya huce.

Wata rana na dawo da wani babban kwali daga kayan wani Bature. Muka buɗe bayan la'asar, sai ga sassaƙe-sassaƙe masu fenti, mata masu rawa, fuskoki masu zaro ido, can ƙasa kuma wani zaki mai fukafukai, tsayinsa ya kai gwiwata, ido waje, haƙora waje, harshe a zare. Na ce a'uzu billahi, Malam fara da wannan. Babanku ya jera su a kan benci ya ɗauko zarto, sai ga warin kanumfari ya shigo. Ali ya tsaya yana kallon kayan, ya ce ai waɗannan na garinsu ne. Ya ɗauki wata mai rawa wadda ni a idona ta fi kowanne tsufa, don duk ta yi baƙi-baƙi, ya shinshina ta, ya fashe da dariya.

"Ummu Bashir, wannan ai ƙanwar Bashir ce. Bai kamata ta gaishe shi a tsaye ba."

"Haba Ammu Ali, dubi fa yadda ta tsufa."

"Man takalmi ne. Shinshina ki ji."

Na kai hanci, wallahi man takalmi ne. Ya zauna a kan gwangwanin fenti ya shiga koya mana. Ya ce a can samari ke sassaƙa irin waɗannan don baƙi masu yawon buɗe ido, su shafa musu man takalmi da ruwan shayi, wani lokaci har su binne su a ƙasa su tono. Ya ce tsufan gaskiya ba ya zama ko'ina daidai. Inda hannu ke yawan taɓawa sai fentin ya goge wurin ya yi santsi, inda hannu ba ya kaiwa kuma ƙura ta taru ta daskare. Wannan kuwa har ƙarƙashin hammatarta an tsufar da ita. Ya nuna mana 'yan ramukan da ke jikinta, waɗanda na ɗauka cin ƙwaro ne, ya karyo tsinken tsintsiya ya zura a ɗaya, tsinken ya shige zar. Ya ce ƙusa ce ta yi wannan, ramin ƙwaro a karkace yake tafiya, tsinke ba ya bin sa. Ya kankare gindinta da farce, katakon ya fito fari sol. Ya miƙa wa babanku ya ce yalla, yanke abinka.

Haka ya bi su yana yi musu dariya har ya zo kan zakin. Nan dariyar ta ɗauke. Ya kashe tabar, ya goge hannuwansa a jikin zaninsa kafin ya taɓa shi. Ya kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ya ce mu duba fentin, ba ya ƙyalli ko kaɗan. Ya ce mutanen wancan zamanin ba su san fentin gwangwani ba. Baƙin daga hayaƙin fitila ake tara shi, jan daga ƙasar Sin ake kawo shi gari, rawayan wani dutse ne ake niƙawa, farin kuma ƙashi ake ƙonawa a daka.

"Ƙashin me?" na tambaye shi.

Ya yi ɗan tari. "Masu hali ƙahon barewa suke ƙonawa. Sauran kuma, Ummu Bashir, gara kada in faɗa miki."

Na ja da baya na ce Malam ka ji ko. Babanku bai kula ni ba, ya riga ya durƙusa kusa da shi. Ali ya nuna masa yadda fentin ya tsattsage ƙanana-ƙanana kamar kaushin diddige, ya ce shafi a kan shafi ake yi, siriri-siriri, shekaru ne kaɗai ke fasa shi haka. Zinariyar da ta rage a gashin wuyan ba fenti ba ce, zinariya ce ta gaske da aka buga ta yi kamar ɓawon albasa aka manna da danƙo, shi ya sa take ɓarewa falle-falle, ba ta dusashewa. Katakon kuma na wani itacensu ne da suke kira nangka, yana sabo rawaya ne, sai ya daɗe ƙwarai yake komawa kalar tsohuwar zuma, har cikinsa. A gadon bayan zakin akwai rami mai kusurwa huɗu. Ya ce nan ginshiƙin rumfa ke zama, zakin ne ke ɗauke da rufi. Na 'yan yawon buɗe ido ba su da ramin, in ma an yi musu za ka ga bakinsa da kaifi. Wannan kuwa nauyi ya cinye bakin ramin, hayaƙin gida ya yi masa baƙi.

"To ya kai shekara nawa?" in ji babanku.

"Ya girmi uwata."

Sannan ya kifa shi. Ƙarƙashin ba a goge ba, samfefa ba ta taɓa wurin ba, sawun gizago na nan ɓaro-ɓaro. Ali ya daɗe yana bin saran da babban yatsansa.

"Ya Isa, kai kafinta ne. Dubi saran nan ka gaya mini."

Babanku ya duba, ya kwatanta da hannun dama, bai yi ba. Ya juya ya kwatanta da hagu.

"Bahago ne ya sassaƙa shi."

"A duk yankinmu bahago ɗaya ne ke sassaƙa zaki," in ji Ali. "Kakana ne, wanda ya haifi uwata."

Ya zauna a ƙasa dirshan, dattijo da furfurarsa, yana share hawaye da gefen zani. Ya ce uwarsa ta musulunta ne da ta auri ubansa, kakan kuwa ya mutu a kan addininsu na can, amma bai taɓa hana shi shiga gidansa ba. In rana ta take, a rumfar kakan yake kwanciya yana kallon zakin a samansa. Wata shekara da abinci ya yi wuya aka ciro shi aka sayar wa wani ɗan kasuwa, aka tokare ginshiƙin da kututture. Ni dai in gaya muku gaskiya, har yau ban san ko na kakansa ne ba. Duniya da faɗi, bahagwai da yawa. Amma shi ya gaskata har cikin ransa, na kuma ga fuskarsa a ranar, don haka na ce ya ɗauka na ba shi.

Sai dai ina zai kai shi? Ɗaki ɗaya suke kwana da wasu mutanen Jawa masu tsanani, in suka gani ƙona shi za su yi. Ya dubi zarton da ke kan benci, ya dubi babanku.

"Ya Isa, na san aikinka, na san abin da zarton nan ke yi. Amma ka ajiye mini shi amana, har in sami hanyar mai da shi gida."

Babanku ya ture zarton gefe.

"Ba na son sa, Ali. Ko kallonsa ba na son yi. Amma yadda ka ba ni, haka za ka karɓa."

Ya haɗa masa akwati, ya naɗe shi a buhu ya rufe, ya kai shi 'yar rumfar da yake tara katako a wajen bangon gida, don ya ce ba zai kwana da shi ƙarƙashin rufin da muke salla ba. Ali ya bar masa wasiyya ɗaya, in ya ga gari-gari na zubowa daga jikinsa to ƙwaro ya shiga, maganinsa hayaƙi, a can ma hayaƙin gida ne ke tsare su. Ba a daɗe ba, wata safiya yana jiran motar Bagdadiyya jawazat suka kwashe su. Daga shi sai rigar jikinsa aka kai shi tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, aka sa shi a jirgi. Ba sallama, ba mu san sunan ƙauyensu ba, ba mu san wanda za mu tambaya ba.

Shekarar da ta biyo aka yi ruwa irin na Jidda, wanda ba ya zuwa sai ya zo da faɗa. Rumfar katako ta yi yoyo, akwatin ya jiƙe. Da rana ta fito babanku ya buɗe, ya tarar buhun ya yi laima, ga gari-gari a ƙasan akwatin. Ya shigo da zakin tsakar gida ya ɗora a kan turmi don ya sha iska, ya ce in ba shi garwashi. Ba mu da wani abin hayaƙi a kusa sai kaskon turarena da luban. Ya zuba, ya durƙusa a gaban zakin yana kaɗa hayaƙin da mafici don ya shiga ramukan, bakinsa kuma na motsi, don kun san shi, ba ya aiki ba istigfari. A daidai nan Talatu maƙwabciyarmu ta ɗaga labule ta shigo aron rariya.

Ku sa kanku a matsayinta. Ladan ne durƙushe gaban wani abu mai haƙora da fukafukai, an ɗora shi a kan turmi, ga turare na tashi, ga baki na motsi. Ban taɓa riƙe Talatu a raina ba, abin da idonta ya gani ta faɗa. Ta saki labulen ta juya ba rariya. Kafin magariba labarin ya kai bakin titi ya dawo, ya yi ƙiba a hanya, har an ce da jinin zakara a gindin turmin.

Washegari Liman Garba ya zo da dattawa biyu. Mutumin kirki ne, Allah Ya jiƙansa, shi ya raɗa wa Zainab suna. Ina bayan labule ina jin komai. Babanku ya ba su labarin tun daga kwalin Haraj har hayaƙin, bai rage komai ba.

"Malam Isa, ni na yarda da kai," in ji Liman. "Na san ba ka bauta wa kowa sai Allah. Amma jama'a sun ji abin da suka ji. Ɗauko zarto ka cire kan a gabanmu, shi ke nan, magana ta mutu. Kai ne fa ke yanke wa kowa."

"Allah Ya gafarta Malam, na kowa masu shi ne ke kawowa da hannunsu su ce in yanke. Wannan mai shi bai ce ba."

"Mai shi ya tafi. Wa ka taɓa gani ya dawo daga tarhil da tsufa irin nasa?"

"Tafiya ya yi, ban ji an ce ya mutu ba. Ko ya mutu ma yana da magada."

Liman ya ja carbi. Ya ce to shi ba zai iya barin mai ajiye da wannan abu ya hau rufin masallaci ya kira mutane salla ba, zukata ba za su natsu ba. Ya ce ya yi tunani zuwa Juma'a.

Suna fita na fito. Kun san bakina, to a lokacin ya fi haka kaifi. Na ce Malam katako ne fa. Ya ce ya sani. Na ce katakon da kai kanka ba ka ƙaunar gani, na mutumin da ba za ka sake gani ba, shi za ka ba da kiran sallarka a kansa? Ya ce ba a kan katako ba ne. Na ce to 'ya'yanka fa, da wane ido za su fita lungu? Na ciro zarton daga jikin ƙusa da kaina, na kama hannunsa na danƙa masa. Na ce in kunyar Ali kake ji, ni zan riƙe maka, in ya dawo ka ce ni ce. Ya dubi zarton, ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa.

"Rabi, na ce masa yadda ya ba ni haka zai karɓa. In na yanke, da wane bakin zan hau sama in ce wa mutane su zo ga tsira?"

Ya mai da zarton jikin ƙusarsa. Na yi kwanaki ba na yi masa magana sai ta dole.

Juma'a ta zo ta wuce. Da la'asar yana cikin feren wata ƙofa, sai muka ji wata murya daban daga kan masallaci. Wani ne ya hau tsanin da babanku ya haɗa da hannunsa. Ina kallonsa ta taga. Ya ajiye abin aikin, ya tsaya yana amsa kiran kalma bayan kalma har aka gama, ya yi alwala ya tafi, ya yi sallarsa a sahun ƙarshe kusa da takalma. Wannan tsayuwar tasa ba ta taɓa fita daga idona ba, kuma ko yanzu da nake rubuta ta sai da na ajiye alƙalami.

Daga nan abubuwa suka yi ta zamewa. Masu kawo gyara suka ragu, matan da ke sayen kayana suka koma wajen wasu, aka daina aiko mana da tuwon suna. Bashir, ka tuna ranar da ka dawo da leɓe a fashe ka ƙi faɗin dalili? Na san dalilin. A ƙarshe muka tattara muka koma unguwar Waziriyya, inda ba wanda ya san mu, muka bar lungun da na fi so a duniya. Akwatin ya biyo mu a bayan mota, shi ne wanda ke kan rufin ɗaki da aka ce muku kayan Ammu Ali ne kada ku taɓa. Babanku bai sake neman ladanci a ko'ina ba. Sai dai in lokaci ya yi, kafin ya fita masallaci, ya tsaya a tsakar gida ya yi kiran a hankali, iya kunnenmu. Kun tashi kuna zaton kowane uba haka yake yi. Ni kuwa na yi shekaru in na hau shanya sai na harari akwatin nan, shi kuma lokaci-lokaci ya hau shi kaɗai da kasko, ya rufe ƙofar bene.

Sai da kuka yi aure duk kuka watse, gemunsa ya yi fari fat, muryar ta fara shaƙewa, sannan wata rana da yamma aka yi sallama. Wata mata ce 'yar gajeruwa da fararen kaya, da mijinta a bayanta, sun zo Umra. Da Larabcinta na makaranta ta ce sunanta Amina, 'yar Ali ce mutumin Bali. Ta ce ta yi ta yawo a Karantina tana tambayar Isa kafinta mai kiran salla, ba wanda ya gane, sai da wani tsoho ya ce ko Mai Gunki take nufi, ya kwatanta mata Waziriyya. Kun ji, sunan da kuke ɓoyewa shi ya kawo ta ƙofarmu.

Ta ce babanta ya rasu. Babanku ya yi salati, ya yi masa addu'a, sannan ya tashi ya nufi bene. Mijinta ya taya shi saukowa da akwatin. Kafin a buɗe sai ta ɗaga hannu.

"Ammu, kafin ka buɗe, akwai saƙo. Babana ya ce in gaya maka kada ka ji nauyi. Ya ce kai ladan ne mai tsoron Allah, ba za ka iya zama da shi da kai ba, bai kamata ma ya ɗora maka ba. Ya ce ya san ka yanke, kuma ya yafe maka tun yana cikin jirgi. Gangar jikin kawai ya ce in karɓo."

Sai na shiga lissafi a raina. Lungunmu, tsaninsa, leɓen Bashir, duk a kan abin da mai shi ya riga ya yafe. Na juya na dubi babanku, na san ya ga abin da ke idona. Ya sunkuyar da kai yana ciro ƙusoshin akwatin.

"Ai bai gaya mini ba," ya ce.

Ya yaye buhun. Zakin na nan yadda na ciro shi daga kwali, ido waje, haƙora waje, harshe a zare. Amina ta dafe baki. Ta durƙusa ta kifa shi, ta bi saran ƙarƙashin da babban yatsanta, daidai yadda ubanta ya yi, ta shafa wuyan ta zagaye shi tana neman inda aka manna, ba ta samu ba. Ta tambayi babanku ko bai sha wahala a kansa ba. Ya ce a'a, ɗan hayaƙi ne kawai lokaci-lokaci. Na buɗe baki zan yi magana, ya dube ni, na rufe.

Muna nan magariba ta kawo jiki. Ya yi alwala, ya tsaya inda ya saba a tsakar gida ya toshe kunnuwa. Muryar ta tsufa, tana rawa, numfashin ba ya kaiwa. Amma da ya zo "hayya alal falah" ya ja ta sama, ya sauko da ita a hankali, ya karya ta a ƙarshe, sai na ga Amina ta miƙe tsaye, mijinta ma ya ɗago kai. Da ya gama ta matso kusa da shi.

"Wannan kiran babana ne," ta ce. "Tun da ya dawo shi ne ladan a masallacin ƙauyenmu har ya kwanta ciwo. Ba wanda ke kira haka a duk yankin. Mun sha tambayarsa inda ya samo, sai ya ce a Jidda ya ji wani. Yanzu ƙanena ne ke yi, shi ma haka yake karya ta."

Babanku ya tsaya kamar bai ji Larabcin ba. Ya sa ta maimaita. Sannan ya zauna a kan akwatin da ba komai a ciki, ya rufe fuska da hannuwa biyu, kafaɗunsa na girgiza. Tun ranar da na danƙa masa zarto ban ga hawayensa ba sai ranar. Ni ma a ranar na sauke abin da na daɗe ina ɗauke da shi a kansa, na je na zauna kusa da shi a gaban baƙi, ban ji kunya ba.

Da suka tafi da kayansu ya ce kada in gaya wa kowa, har ku. Ya ce Liman Garba ya rasu, Talatu ta tsufa, ba amfanin a tayar da abin da zai sa a zarge su. Na riƙe har ya koma ga Ubangijinsa. Ina fatan ya yafe mini, yau na saki.

Maryam, in kin sake zuwa Karantina wata ta nuna ki da baki, kada ki sunkuyar da kai. Ki je ki gaishe ta, ki ce e, ke ce 'yarsa.